Nisan da Intanet Ba Ta Rage Ba: Ɗalibin Nesa da Ɗakin Karatu

Duk jami'ar da ta karɓi kuɗin ɗalibi a kan za ta koyar da shi daga nesa, alkawari biyu ta ɗauka, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Na farko shi ne darasi: lacca, aikin gida, jarrabawa, takardar shaida a ƙarshe. Shi ake bugawa a talla, shi kowa ke tambaya a kai. Na biyu shi ne ɗakin karatu, wato hanyar da ɗalibin zai bi ya kai ga littattafai da mujallun bincike, da mutumin da zai nuna masa yadda ake nemo su. Wannan na biyun ne ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ke raba wanda ya yi ilimi da wanda ya haddace takardun malami ya mayar masa ranar jarrabawa.

Idan ka tayar da maganar, amsar da za ka fi ji ita ce, ai yanzu komai yana intanet. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Littattafai da yawa sun hau intanet, sai dai mafi yawan waɗanda ɗalibin jami'a ke buƙata suna bayan ƙofa a kulle. A da, da tafiya ake auna nisan ɗalibi da littafi. Yau da lasisi ake auna shi, da kalmar sirri, da ƙarfin sabis, da kuma ko akwai wanda zai amsa masa idan ya maƙale da tsakar dare.

Karatu daga nesa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a 1840 Isaac Pitman yake koyar da rubutun gaggawa ta gidan waya a Ingila. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe digirinta ga waɗanda ba sa zaune a harabarta. Jami'ar Afirka ta Kudu, wadda aka fi sani da UNISA, ta koma koyarwa daga nesa a 1946. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya da aka kafa a 1969 ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, tana koyarwa ta rediyo da talabijin da gidan waya. Pakistan ta bi sahu a 1974, Indiya ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta ta ƙasa a 1985. Dukkansu tambaya ɗaya suka ci karo da ita: ɗalibi yana can, littattafai suna nan, yaya za a yi?

Dabarar da aka fi dogara da ita a wancan zamani ita ce ƙunshi. A tattara duk abin da ɗalibi zai buƙata a darasin, a buga, a ɗaure, a aika masa. Wasu, irin su UNISA, suka ƙara da aika littattafan aro ta gidan waya. Ƙunshin ya ba mutane masu ɗimbin yawa damar da ba su taɓa samu ba, amma yana da illar da har yau ba a rabu da ita ba. Wanda aka saba kawo wa komai a ɗaure ba ya koyon nema. Abin da malami ya zaɓa shi ne iyakar saninsa. A shekarar farko ba a ganin giɓin. Ranar da aka ce ya zaɓi batu ya rubuta kundin bincike, ya kawo hujja daga marubuta dabam-dabam, ya nuna inda suka saɓa, ranar ce ido ke raina fata. Abin takaici, da yawa daga abin da ake kira karatun intanet a yau tsohon ƙunshin nan ne aka mayar fayil aka loda a shafi.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane haka. Ƙungiyar ɗakunan karatu na kwalejoji da cibiyoyin bincike ta Amurka, ACRL, ta fitar da ƙa'idoji a 2008 da suka tsaya a kan magana ɗaya: duk ɗalibi ko malamin wata makaranta yana da haƙƙin cin moriyar ɗakin karatunta, har da yin magana kai tsaye da ma'aikatansa, ko a ina yake zaune, ko ta wace hanya yake ɗaukar darasi. Ba a ce sai hidimar ta zama iri ɗaya da ta cikin haraba ba, cewa aka yi ta yi daidai da ita a amfani. Nauyin kuma yana wuyan makarantar da ta ɗauki ɗalibin. Wannan gaɓar na so a riƙe, domin akwai makarantun da ke sauke nauyin da cewa ɗalibi ya je ɗakin karatun da ke kusa da shi, ba tare da sun ƙulla komai da wurin ba. Ɗakin karatun jama'a ba a tanade shi don mai digiri na biyu a harhaɗa magunguna ba, kuma ba a ba shi komai daga kuɗin makarantar ba. Inda aka yi abin da tsari, kamar shirin SCONUL Access na Birtaniya da Ayaland, jami'o'i ne suka zauna suka amince ɗalibin wannan ya shiga ɗakin karatun waccan.

Ga inda maganar ta fi ɗaurewa. Littafin takarda, idan ɗakin karatu ya saya, ya zama nasa. Zai ba wanda ya ga dama aro, sau nawa ya ga dama, ya aika shi ta gidan waya, ya ajiye shi shekara ɗari. A Amurka kotun ƙoli ta kafa tushen wannan ƙa'ida tun 1908: da zarar an sayar da kwafi, ikon mai haƙƙin mallaka a kan inda wannan kwafin zai je ya ƙare. Littafin lantarki da mujallar intanet kuwa ba a sayensu a wannan ma'ana. Izinin karantawa ake biya, na wani lokaci, ga wasu mutane, bisa wasu sharuɗɗa. Bambancin mai gida da ɗan haya ke nan: ɗan haya yana kwana a ɗaki, amma da sharuɗɗan wani yake zaune, kuma ranar da ya kasa biya zai fita bai ɗauki ko bulo ɗaya ba.

Sharuɗɗan nan a kan ɗalibin nesa suke sauka. Wani lasisin mutum ɗaya kacal yake bari ya buɗe littafi a lokaci guda, sai ka ga aji mai ɗalibai ɗari uku, saura kwana biyu jarrabawa, kowa na jiran kowa. Wani ya ƙayyade shafukan da za a iya saukewa. Wani yana ƙarewa da yawan aro: a 2011 kamfanin HarperCollins ya ce littafinsa na lantarki, in an are shi sau 26, sai ɗakin karatu ya sake biya. Wani ya tsaya a kan haraba ɗaya ko ƙasa ɗaya, ɗalibin da ke ƙetare bai shiga lissafi ba. Mafi ciwo, akwai littattafan koyarwa da kamfanoni ba sa sayar wa ɗakunan karatu nau'insu na lantarki kwata-kwata, saboda sun fi son kowane ɗalibi ya sayi nasa. A nan ko ma'aikaci yana riƙe da kuɗi a hannu, babu abin saya.

Kasuwar kuma a hannun 'yan tsiraru take. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna manyan kamfanonin ɗab'i biyar ne suka fitar da fiye da rabin maƙalun binciken da aka ƙidaya na 2013. Tun ƙarshen shekarun 1990 suke sayar da mujallu a dunƙule, ɗaruruwa ko dubbai a ciniki guda, farashi kuma yana hawa. Jami'ar Kalifoniya da duk ƙarfinta sai da ta yanke ciniki da babban kamfanin ɗab'i na Elsevier a 2019, ba su sasanta ba sai 2021. Idan irin wannan ta ji jiki, ina ga ƙaramar makaranta?

To, a ce ma an biya. Saura shiga. Hanyar da kamfanoni suka daɗe suna gane wanda ya cancanta ita ce lambar adireshin intanet ɗin da ya shigo da ita. Jami'a ta ba su lambobin harabarta, duk wanda ya shigo daga nan a buɗe masa. Shi ya sa ɗalibin cikin haraba yake wucewa bai ma san akwai ƙofa ba. Wanda ke gida kuwa lambarsa baƙuwa ce.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya da ke ƙaro karatu daga nesa. Ta dawo daga aiki, yara sun kwanta, tana da awa ɗaya da rabi kafin barci ya ci ƙarfinta. Ta rubuta batunta a Google Scholar, ta ga maƙalar da take nema daidai, ta danna. Ga take, ga sunayen marubuta, ga taƙaitaccen bayani na layi goma, a ƙasa kuma maɓalli yana cewa ta biya kafin ta ga saura. A can gefe, da ƙananan haruffa, akwai wurin da ke cewa a shiga ta hanyar makaranta, amma ba wanda ya taɓa gaya mata da ita ake. Jami'arta ta riga ta biya kuɗin wannan mujalla, daga cikin kuɗin da ita kanta ta biya. Ita dai abin da ta gani shi ne ƙofa a rufe. Ɗaya cikin uku za ta yi: ta haƙura ta ɗauki wata maƙala mai rauni don ita ce a buɗe, ko ta biya abin da aka riga aka biya, ko ta nufi shafukan satar fasaha.

Ba a zauna haka ba, an nemo mafita. A 1999 Chris Zagar ya rubuta manhajar EZproxy, wadda OCLC, wata ƙungiyar haɗin gwiwar ɗakunan karatu, ta saya a 2008. Aikinta ta tsaya a tsakiya: ɗalibi ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ita kuma ta je wa kamfani da lambar jami'a, kamar daga haraba ya fito. Tsare-tsare irin su Shibboleth da OpenAthens wata hanyar suke bi: kamfani ya tura ka shafin makarantarka, makaranta ta shaida kai nata ne, ka dawo a buɗe maka. Duka suna aiki, da sharaɗin ɗalibi ya san da su, ya san inda zai danna, kuma sunansa ya shiga rajista a kan lokaci. A nan ake yawan faɗuwa: ofishin ɗaukar ɗalibai ya gama da mutum, amma sunan bai isa ɗakin karatu ba sai zango ya yi nisa.

Sci-Hub, shafin sauke maƙalu kyauta ba da izinin masu su ba, wanda Alexandra Elbakyan ta kafa a 2011, kotuna sun yanke hukunci a kansa, kuma ba na ba kowa shawarar ya bi ta nan. Amma akwai abin lura a labarinsa. Rahoton da mujallar Science ta buga a 2016 kan masu sauke maƙalu daga shafin ya nuna ba ƙasashe matalauta kaɗai ke amfani da shi ba, har da garuruwan manyan jami'o'in Amurka da Turai, inda an riga an biya. Sauƙi suke bi: akwati ɗaya, danna ɗaya. Ɗakin karatun da halastacciyar hanyarsa ke da matakai bakwai ya sani da mai mataki ɗaya yake gasa.

Shekarar 2020 ta tona asirin duk wannan. Da korona ta rufe makarantu, UNESCO ta ƙiyasta ɗalibai kimanin biliyan 1.6 abin ya shafa a lokacin da ya fi tsanani. Dare ɗaya kowa ya zama ɗalibin nesa, sai aka ga yawan littattafan da a kan kanta kawai suke. HathiTrust, rumbun haɗin gwiwar ɗakunan karatu da aka kafa a 2008, ya buɗe wa mambobinsa hanyar wucin gadi ta karanta kwafin lantarki na littattafan da suke da su a takarda. Internet Archive, wata cibiya mai adana littattafai a intanet, ta wuce nan: a watan Maris ta cire layin jira daga littattafan da take bayarwa aro. A watan Yuni kamfanoni huɗu, Hachette da HarperCollins da Wiley da Penguin Random House, suka maka ta a kotu.

Shari'ar ba ta tsaya kan matakin gaggawar ba. Ta taɓa tushen wata dabara da ɗakunan karatu da yawa suka sa wa rai: ka mallaki littafin takarda, ka ɗauki hotonsa, ka kulle na takardar, ka ba mutum ɗaya aron na lantarkin a lokaci guda. A Maris 2023 kotu a New York ta ce hakan ya keta haƙƙin mallaka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Satumba 2024. Hukuncin na Amurka ne, umarninsa kuma ya tsaya a kan littattafan da kamfanonin ke sayar da nau'insu na lantarki, amma ya sanyaya gwiwar mutane ko'ina, har ɗakunan karatu na ɗari-ɗari da abin da ba a hana ba. Ni a ganina an yi asara. Marubuci da kamfani suna da haƙƙi, ba na musu. Amma littafin da aka buga shekara hamsin da suka wuce, ya ƙare a kasuwa, ba mai niyyar sake buga shi, zamansa a kan kanta ɗalibin nesa bai gan shi ba bai ƙari kowa da komai ba.

Shi ya sa tsofaffin hanyoyi ba su mutu ba, kuma bai kamata a ji kunyarsu ba: aika littafi ta gidan waya, aro tsakanin ɗakunan karatu, da ɗaukar hoton babi ɗaya a tura wa ɗalibi gwargwadon yadda doka ta yarda. Wannan na ƙarshen aikin hannu ne. Buƙata ta shigo, ma'aikaci ya ciro littafin daga kanta, ya kwantar da shi a kan na'ura, ya danne tsakiyarsa don kada inuwar ɗinki ta cinye farkon layi, ya bi shafi-shafi, ya haɗa da shafin take da shekarar bugu don ɗalibin ya iya kafa hujja da shi. Sai mataki ɗaya da ake yawan tsallakewa: a bi da hoton ta manhajar da ke gane haruffa. In ba haka ba, hoto kawai aka tura, ba a iya neman kalma a ciki, kuma manhajar da ke karanta wa makaho rubutu da murya ba za ta ga komai ba. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta ba ƙasashen da suka shige ta damar mayar da littattafai zuwa siffar da makafi za su iya amfani da ita, har a tura su ƙasa zuwa ƙasa, ba sai an nemi izinin mai haƙƙi ba. Abin ya shafi karatun nesa sosai, domin wasu wahalar zirga-zirga ce ta sa suka zaɓi wannan hanya tun farko.

Duk wannan fa an ɗauka ɗalibin yana da intanet mai kyau. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ƙiyasta mutum biliyan 2.6, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, ba sa hawa intanet a 2023. Cikin masu hawa ma, da yawa waya ce kaɗai gare su, data kuma a ƙirge. Duk wanda ya taɓa karanta maƙala mai shafi rabe biyu a fuskar waya, yana ja yana matsewa, ya san abin da nake nufi. Littafin da ba ya buɗewa sai ana kan layi, shafin da ke fitar da kai in sabis ya ɗauke na minti ɗaya, bidiyo mai nauyi da babu rubutaccensa, duk zaɓi ne da wani ya yi yana zaune inda intanet ke gudu. Ɗakin karatu yana da ta cewa: ya fifita lasisin da ke barin a sauke babi a ajiye, ya gwada shafinsa a ƙaramar waya kafin ya saki. Inda sabis ba shi da tabbas sam, eGranary tun 2001 da Kiwix tun 2007 suna ɗora ɗimbin bayanai a na'urar ajiya a karanta ba tare da intanet ba. Ga makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai Research4Life, wanda ya faro da Hinari a 2002 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana ba da dubban mujallu kyauta ko da rahusa. Sai dai makaranta ce ke rajista, ba mutum ba. In kalmar sirrin ta kwana a aljihun teburin wani jami'i, ɗalibin nesa har ya gama bai san da shirin ba.

Abin da ya fi yi wa ɗalibin nesa rana shi ne yunƙurin buɗe bincike kyauta ga kowa: rumbun maƙalu na arXiv tun 1991, AJOL na mujallun Afirka tun 1998, sanarwar Budapest ta 2002, kundin DOAJ da aka fara a Jami'ar Lund a 2003, littattafan koyarwa na OpenStax daga 2012. Maƙalar da take a buɗe ba ta tambayar lambar haraba, ba ta ƙarewa ranar da ka gama makaranta. Amma ta zo da nata. A mujallu da yawa kuɗin ya tashi daga kan mai karatu ya koma kan marubuci, hakan kuma ya haifar da mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tantancewa. A idon sabon ɗalibi, ta bogi da ta gaskiya kama ɗaya gare su.

Nan ne na fi damuwa, wato batun mutum. A 1986 Constance Mellon, wata malama a Amurka, ta bi rubuce-rubucen ɗalibai kan yadda suka ji da suka fara amfani da ɗakin karatu, ta tarar mafi yawansu da tsoro da ruɗewa suke bayyana abin. Kowa yana zaton shi kaɗai ne bai iya ba, yana kuma jin kunyar tambaya. Wannan fa a cikin gini ne, inda ma'aikaci zai hango mutum yana kai-komo tsakanin kantoci ya taso ya ce me kake nema, inda ɗalibi ke koyo da kallon na kusa da shi. Ɗalibin nesa ba mai hango shi. In ya maƙale, shi kaɗai ya sani, kuma kansa zai ɗora wa laifi. Da yawansu manya ne da suka bar aji shekaru masu yawa, ga aiki ga iyali, kunyar a ce ba su iya ba ta fi ta yara ƙarfi.

Saboda haka zaman jiran a zo a tambaya ba ya kai wa gare su. Ma'aikacin ɗakin karatu ne zai shiga cikin darasin kansa, a Moodle ne ko Canvas ko wace manhaja ake koyarwa da ita: sunansa a shafin, ya duba aikin da aka ba ɗalibai, ya ajiye mahaɗin da ke buɗewa daga gida, ya leƙo a makon da ake fara bincike ya ce ga ni. Koyar da dabarun nema a makon farko, lokacin da ba wanda yake da abin nema, ba ya zama a kai. Sai kuma lokaci. Mai aiki da rana da dare yake karatu, ko a ƙarshen mako, daidai lokacin da teburin amsa tambaya yake rufe. Makaranta ɗaya ba lalle ta iya ajiye mutum dare da rana ba, amma ana iya karo-karo. A 2002 Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka da OCLC suka fara QuestionPoint, tsarin amsa tambayoyi na haɗin gwiwa, kuma irin wannan haɗin kai ne ke sa daren wani ya faɗo a ranar wani ma'aikaci a wata nahiya.

Wannan giɓin na dare shi ƙirƙirarriyar basira ta shigo ta cike. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, ɗalibi ya samu mai amsa masa a kowane lokaci, wanda ba ya jin kunyarsa. Na fahimci abin da ke jan sa. Sai dai irin waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro madogara: marubucin na gaske, mujallar ta gaske, maƙalar kuwa ba a taɓa rubuta ta ba, har ma'aikatan ɗakunan karatu suna samun buƙatar a nemo abin da babu shi. Manhaja ta amsa tambayar lokacin buɗewa da sauya kalmar sirri, ba laifi. Amma dole a bar hanya a fili ta isa ga mutum, kuma a koya wa ɗalibi ya buɗe duk maƙalar da zai kafa hujja da ita ya gani da idonsa.

Me ya sa duk da an san waɗannan ba a cika yin su ba? Kuɗi ne, da yadda ake ƙirga. An saba auna ɗakin karatu da ƙafafun da suka shiga ƙofa da littattafan da aka ara. Ɗalibin nesa ba ya cikin wannan lissafi. Hidimar kuma duk lokacin da ta ƙara kyau sai ta ƙara ɓuya: mutum ya danna, maƙala ta buɗe, ya ɗauka Google ne ya ba shi kyauta, bai san wani ya yi watanni yana cinikin lasisin ba. Shugabannin makaranta su ma sukan ɗauka haka, su ƙara dubban ɗalibai daga nesa saboda ba sa buƙatar aji ko ɗakin kwana, su bar kasafin ɗakin karatu yadda yake, alhali kamfanoni da yawa da yawan ɗalibai suke yanka farashi.

Wurin da ya dace a tare abin shi ne ranar da ake amincewa da sabon kwas, kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya. A ranar ma'aikacin ɗakin karatu ya zauna a teburin da jerin littattafan a gabansa, ya bi su ɗaya-ɗaya: wannan akwai shi a lantarki, wannan lasisinsa na mutum ɗaya ne kuma ajin zai kai ɗaruruwa, wannan ba a sayar mana sai a nemo madadinsa a buɗe, wannan bai haɗa da ɗaliban ƙetare ba. A rubuta kuɗin lasisi da na aikawa da albashin mai amsa tambaya da dare a cikin kasafin kwas ɗin. Kwas ɗin da bai tsallake wannan zama ba, a ɗage shi zuwa zango na gaba.